Daga Daji Zuwa Cikin Shinge: Asalin Gandun Kiwon Shanu a Amurka

Yawancinmu a finafinai muka fara sanin kaboyi: malafa a ka, bindiga a ƙugu, doki na ta sukuwa. Amma mutumin da aka kwaikwaya ɗan ƙwadago ne mai tsaron shanun wani, wanda ya fi shan ƙura da rana fiye da harbi. Kuma sana'ar tasa ba daga Turawan Ingila ta fito ba.

Babu saniya ko ɗaya a nahiyar Amurka kafin Kolumbus ya kai su tsibirin Hisfaniyola a 1493. Daga can Sifaniyawa suka tsallaka da su Meziko, inda suka hayayyafa a sake cikin daji har suka zama kamar namun dawa. Masu bin su a kan doki, waɗanda ake kira bakero, su ne suka ƙware a jifa da igiya mai zarge, suka gyara sirdi aka yi masa ƙaho na ɗaure igiyar, suka saba da ɗaura fata a ƙafafu don kariya daga ƙaya. Ko da masu jin Ingilishi suka kwararo Tekzas, duk wannan a shirye suka tarar.

Labarin gandun King ya nuna haka ƙarara. Richard King matuƙin jirgin ruwa ne, ba makiyayi ba. A 1853 ya sayi fili a bakin rafin Santa Gertrudis a kudancin Tekzas. Da shekara ta zagayo ya je ƙauyen Kuruwiyas na Meziko, inda fari ya tsananta, ya saye shanunsu. Sai ya ga ya raba mutane da abin dogaronsu, shi kuwa ba shi da masu kiwo, don haka ya nemi su biyo shi da iyalansu. Suka biyo. Zuriyarsu, da ake kira Kineños, wato mutanen King, wasu har yau suna aiki a wurin. Bayan rasuwarsa a 1885 matarsa Henrietta ta riƙe gandun shekara 40, tare da surukinta Robert Kleberg. Yanzu faɗinsa ya kai eka 825,000, kuma yana hannun zuriyar gidan. A nan aka haɗa jinin shanun Shorthorn na Ingila da na Brahman masu tozo irin na shanunmu, don a samu masu jure zafi da kaska. Gwamnati ta amince da sabon irin a 1940, da sunan rafin nan.

A zamanin da King ya fara kiwo babu shinge. Shanun kowa cuɗe suke da na kowa, shi ya sa lalas ya zama shaidar mallaka. Da bazara sai masu shanu su haɗu, a kora duk abin da ke daji wuri guda, kowane maraƙi a bi uwar da yake tsotso a ɗora masa ƙarfen mai ita. Wani lauya mai suna Samuel Maverick bai damu da yi wa nasa lalas ba, har sunansa ya zama sunan duk dabbar da ba ta da alama.

Da aka gama yaƙin basasa a 1865, shanu sun yi arha tilis a Tekzas, suna tsada a biranen arewa. A 1867 Joseph McCoy ya buɗe kara a Abilene ta jihar Kansas, inda layin dogo ya iso, aka soma koro garkuna ta burtalin Chisholm. Mutum goma sha biyu kan kora shanu wajen 2,500, tafiyar kusan wata biyu, amalanken abinci na biye. Cikin 'yan korar akwai Mezikawa da baƙaƙen fata da yawa waɗanda ba su daɗe da fita daga bauta ba, ko da yake finafinai ba su cika tunawa da su ba.

Zamanin korar bai wuce shekara ashirin ba. A 1874 Joseph Glidden ya samu takardar mallakar fasahar waya mai ƙaya, manoma da manyan masu shanu suka shiga killace fili da mashaya. Aka yi ta rigima, ana datse waya da dare. Sannan hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo da dusar ƙanƙara da ta hallaka shanu ba adadi a filayen arewa, manyan kamfanoni da dama suka karye. Waɗanda suka saura suka rage garke, suka kafa famfon iska a kan rijiya, suka fara yanke ingirici suna ajiyewa. Wanda zai yi wannan dole ya zauna wuri ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. Gandun iyali daga nan ya samo siffarsa.

Shekara a irin wannan gida shanu take bi. Ƙarshen hunturu lokacin haihuwa ne, ana tashi cikin dare da tocila a leƙa karsanan da za su yi haihuwar fari. Da zafi a yi ingirici a ɗinke shinge, da kaka a yaye maruƙa a sayar, kuma wannan cinikin ne kuɗin gida na shekara guda. Ba kowa ne King ba: matsakaicin garken shanun nama a Amurka bai kai uwaye 50 ba, kuma sau da yawa wani a gidan yana da aikin albashi a gari.

Ranar lalas kuwa tana nan, duk da shinge ya riga ya raba shanu, ga kuma lambar roba da ake maƙalawa a kunne. A jihohin yamma da dama doka ta san alamar da aka yi wa rajista, kuma uba kan bar wa ɗansa ita kamar yadda zai bar masa fili. Aikin gayya ne: maƙwabta su zo da dawakansu, dattawa su jefa igiya, samari su kayar da maraƙi su danne, a yi allurar rigakafi, a fiɗiye 'yan bijimai, yara na kai da kawo da kayan aiki. Ba a biyan maƙwabci ko sisi. Mai gida zai ciyar da kowa, mako mai zuwa kuma ya ɗaura sirdi ya tafi gidan na gaba.