The Dark Side of the Moon: Faifan da ya ƙi tsufa

A watan Maris na shekarar 1973 ne ƙungiyar mawaƙan Burtaniya ta Pink Floyd ta fitar da faifanta na takwas, mai suna The Dark Side of the Moon, wato ɓangaren wata mai duhu.

Fiye da shekaru 50 bayan haka, har yanzu ana sayen faifan, kuma an ƙiyasta cewa an sayar da kwafi sama da miliyan 45 a duniya.

A Amurka, mako guda kacal faifan ya yi a matsayi na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard, amma ya zauna cikin jadawalin daga 1973 har zuwa 1988, sannan ya riƙa komawa lokaci zuwa lokaci har makonninsa suka haura 900.

A Burtaniya kuwa, matsayi na biyu ya kai.

Yadda aka haɗa shi

Mutum huɗu ne a ƙungiyar a lokacin: Roger Waters, wanda ya rubuta dukkan baitocin, da David Gilmour mai kaɗa jita, da Richard Wright mai piyano, da kuma Nick Mason mai ganguna.

Sun fara rera waƙoƙin a gaban jama'a tun farkon 1972, kafin su shiga ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, inda suka yi aikin daga tsakiyar 1972 zuwa farkon 1973 tare da injiniyan sauti Alan Parsons.

Faifan na cikin salon da ake kira progressive rock, wanda ya bunƙasa a Burtaniya daga ƙarshen shekarun 1960. Masu wannan salo kan tsara faifai baki ɗayansa a kan jigo guda, su tsawaita kiɗa, su kuma yi gwaji da na'urori.

Waƙoƙi goma ne a faifan, tsawonsu kimanin minti 43, kuma a kowane gefe na faifan garmahon waƙa na shiga cikin wata ba tare da tsayawa ba. Da bugun zuciya faifan ke buɗewa, da shi kuma yake rufewa.

Waƙar Time na farawa da ƙararrawar agogo barkatai, yayin da Money ke farawa da ƙarar sulalla da na'urar karɓar kuɗi ta kanti. A wancan zamani da hannu ake yanka zaren kaset a manna shi domin samun irin wannan sauti.

An kuma yi wa mutanen da ke Abbey Road tambayoyi game da mutuwa da hauka da faɗa, aka saka muryoyinsu a tsakanin waƙoƙin, ciki har da ta mai gadin ƙofa, Gerry O'Driscoll. An ɗauki muryar Paul McCartney, amma ba a yi amfani da ita ba.

Me ya sa yake jan hankali?

Masu sharhi kan kiɗa kan danganta daɗewar faifan da batutuwan da ya taɓo, wato shuɗewar lokaci, da kwaɗayin kuɗi, da yaƙi, da tsoron mutuwa, da taɓin hankali. Waɗannan dai al'amura ne da kowane zamani ke fama da su.

Batun taɓin hankalin na da nasaba da Syd Barrett, tsohon jagoran ƙungiyar, wanda ya bar ta a 1968 bayan lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ya rasu a 2006.

Akwai kuma ingancin sautin, wanda ya sa masu sayar da kayan sauti suka daɗe suna amfani da faifan wajen gwada lasifika.

Hoton bangon ma ya taka rawa. Kamfanin zane na Hipgnosis ne ya tsara shi: haske na ratsa gilashi mai kusurwa uku, yana fita da launukan bakan gizo, kuma babu sunan ƙungiyar a jikin hoton.

Taƙaddama

Nasarar ba ta zo ba tare da rigima ba. Clare Torry, wadda ta rera The Great Gig in the Sky da murya zalla ba tare da baiti ba, fam 30 aka biya ta. A 2004 ta kai ƙara, aka sasanta a 2005, kuma tun daga nan ake sanya sunanta cikin waɗanda suka ƙirƙiro waƙar.

Waters ya fice daga ƙungiyar a 1985 bayan saɓani da Gilmour. Mutanen huɗu sun sake hawa dandamali tare a bikin Live 8 a Landan a 2005, shekaru uku kafin rasuwar Wright.

A 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da sanya faifan cikin jerin sautukan da ake adanawa saboda muhimmancinsu na tarihi. A 2023 kuma, shekarar da faifan ya cika 50, Waters ya sake ɗaukar waƙoƙin da nasa salon.