Tataccen kindirmo: yadda ake yin sa a gida don gato da kayan zaƙi

Tataccen kindirmo shi ne kindirmon da aka ɗaure cikin ƙyalle har ruwansa ya tsiyaye, ya yi kaurin da ko an juya cokali ba ya zuba. A Lubnan da Siriya ana ce masa labne, a kantunan Faransa da Amurka kuma ana sayar da shi da sunan yawur irin na Girka. Ya sha bamban da cukun Abalak da Cintabaradan, wanda ake daskarar da ɗanyar madara sannan a shanya a rana.

Komi ya dogara ga kindirmon da aka fara da shi. Tsala, wato nonon da aka kaɗe mansa, ko nonon kasuwa da aka sirka da ruwa da garin kuka, ba ya barin abin kirki cikin ƙyalle. Shi ya sa ya fi a kafa nasa a gida. Da damina, lokacin da shanun Azawak ke ba da nono sosai a arewacin Adar, madara ba ta wuya a Tawa. Da rani sai a koma ga madarar gari, a dama ta da kauri.

Ɗanyar madara dole a dafa ta har ta kusa tafasa, wajen digiri 85, saboda tana iya ɗauke da tarin fuka da burusela, cutar nan mai sa dabbobi ɓari. Sai a bar ta ta huce zuwa digiri 43, ɗumin da yatsa mai tsabta ke iya jurewa. A zuba cokali 2 na kindirmo mai kyau cikin kowace lita, a rufe, kada a motsa ta awa 6 zuwa 8.

Bayan ya kama, a shimfiɗa farin ƙyallen auduga da aka tafasa bisa rariya, a sa kwano a ƙasa, a juye kindirmon a hankali. Awa 3 ko 4 sun isa ga wanda za a ci da dabino ko zuma. Wanda ya kwana yana kama da man shafa wa burodi, kuma lita guda takan koma kamar rabi.

A nan ne zafin Tawa ke ɓata aiki. Cikin watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, kindirmon da aka rataye a ɗaki yana ci gaba da tsami har ya gagari sukari. Wurin tata shi ne cikin firigo. Gidan da babu, ko inda wuta ke yawan ɗaukewa, gara a yi kaɗan, a tace da dare kusa da randa, a cinye washegari.

Wajen gato, tsaminsa ne ke haɗuwa da bikarbonat ya tayar da kwaɓi, man da ke ciki kuma ya sa laushi. Masu bin awon nan na gwangwanin yawur, 1 na kindirmo, 2 na sukari, 3 na fulawa, rabi na mai da ƙwai 3, za su ga kwaɓin ya fi tauri da tatacce. Cokali 2 ko 3 na ruwan da ya tsiyaye suna sassauta shi. Sauran ruwan ana kwaɓa fanke da shi ko a dama fura.