Daga ɗaki zuwa duniya: girman kumbo a ƙagaggun labaran kimiyya

Wanda ya bi sawun ƙagaggun labaran kimiyya zai lura cewa kumbon marubuta yana ƙara girma ne gwargwadon nisan tafiya, mutum kuma yana ƙanƙancewa a cikinsa.

A shekarar 1865, Jules Verne na ƙasar Faransa ya wallafa De la Terre à la Lune. Kumbonsa harsashi ne na alminiyam, faɗinsa bai kai mita 3 ba, an harbo shi daga wata igwa mai tsawon mita 274 a Florida. Mutum uku suka shiga, don tafiyar awa 97 da minti 20. Ɗan ɗaki ya wadatar, tun da Wata maƙwabci ne. Verne bai yi nesa da gaskiya ba: a 1968 kumbon Apollo 8 ya tashi daga Florida da mutum uku, ɗakinsu kuwa faɗinsa kimanin mita 4.

Da hankalin marubuta ya koma kan taurari, sai lissafi ya sauya. Hasken tauraro mafi kusa da Rana yana shafe fiye da shekara 4 kafin ya iso mu, saboda haka ran matafiyi ɗaya ba ya isar tafiyar. A 1941, Ba'amurke Robert Heinlein ya ƙago kumbo mai gonaki da unguwanni, inda ake haihuwa ake mutuwa, har jikoki suka manta cewa tafiya suke yi, suka ɗauka kumbon shi ne duniya baki ɗaya. A nan babban haɗari shi ne yankewar ilimi tsakanin kaka da jika.

A 1973, Arthur Clarke na Ingila ya kawo Rama, kumbon baƙi mai siffar ganga, tsawonsa kilomita 50, faɗinsa 20, har da teku a cikinsa. Ƴan Adam suka shiga, suka auna, suka yi mamaki, shi kuwa ya wuce abinsa bai ko kula da su ba.

Malamin da ya karanta waɗannan littattafai da ɗalibansa yana iya sa su auna kowane kumbo, sa'an nan ya tambaye su: a wanne mutum yake riƙe da linzami, a wanne kuma ya zama baƙo?