Kuɗin goro

kuɗin goro (suna, namiji, ba shi da jam'i). Yana tafiya da aikatau *yi*: *yi wa mutane kuɗin goro*.

1. A zahiri, kuɗin da ake sayen goro da su.

2. A salon magana, shafa wa jama'a gaba ɗaya laifi ko halin ƴan kaɗan daga cikinsu: ƙabila, gari ko masu sana'a. Misali: *Malam, kada ka yi mana kuɗin goro, ɓarawo sunansa ɓarawo.* Ma'anar nan ce ta fi yawo a bakin mutane, kuma ita ce mai haɗari. A gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, a Nijar, inda satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan kan iyaka wajen Gabi da dajin Baban Rafi, sau da yawa akan ɗora wa Fulani laifin duka, alhali makiyayi ma ana kore masa garke. Mutanen Maraɗi sun san ƙarshen irin wannan magana: a Toda, cikin Oktoban 1991, an kashe sama da mutum 100, akasarinsu Fulani.

Bambanci: ba ɗaya ba ne da *wasan barkwanci*, irin na Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta amince da shi cikin gadon Nijar a 2014. Can zolayar da yardar juna ake yin ta.

Kishiya: *tantancewa*, wato a kira mai laifi da sunansa, a kai ƙararsa gaban mai gari ko alƙali, a bar danginsa.