Hukuncin sanya robar mahaifa bayan tiyata don hana mahaifa sake mannewa

Tambaya

Na yi ɓari aka yi mini wankin ciki, daga nan al'adata ta ɗauke. Likita ta gano cewa bangon mahaifata ya manne, aka yi aiki aka raba shi. Yanzu ta ce za ta sa mini robar mahaifa na wata biyu, in kuma riƙa shan ƙwayoyi, don kada ya sake mannewa. Mijina yana shakka, domin robar ta tsarin iyali ce. Shin ya halatta? Mene ne kuma hukuncin sallata da azumina?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: likitoci suna kiran wannan larura da sunan Asherman, likitan da ya yi bayaninta a 1948. Yawanci tana biyo bayan wankin ciki: fatar cikin mahaifa ta ji rauni, tabo ya fito, bango biyu su haɗe. Hakan yana rage jinin haila ko ya ɗauke shi, yana kuma hana ciki zama. Bayan an raba tabon yakan dawo, musamman idan mannewar ta yi tsanani. Shi ya sa ake barin wani abu tsakanin bangon har su warke: roba, ko siririn bututu mai balan-balan, ko wani mai na musamman. Ƙwayoyin istirojin kuwa suna taimaka wa fatar ta sake tsirowa.

Na biyu: wannan magani ne, kuma ya halatta. Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) ya yi umurni da neman magani a hadisin Usama bin Sharik wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Manufar a nan dawo da haihuwa ce, ba yanke ta ba. Ko jinkirta ciki na wani lokaci don maslaha, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta halatta shi da yardar ma'aurata a zamanta na Kuwait a 1988, balle abin da ake yi don ceto mahaifa. Bai kamata miji ya hana ba, domin hanawar cutarwa ce gare ki. Ya kuma haƙura da kusantarki tsawon lokacin da likita ta ƙayyade.

Na uku: jinin da ke zuba saboda aikin jinin rauni ne, ba haila ba. Ki yi tsarki, ki sa ƙunzugu, ki yi alwala ga kowace salla, ki yi sallarki da azuminki. Idan jini ya zo da kamannin hailar da kika sani, kamar yadda yakan faru bayan gama ƙwayoyin, to haila ce, sai ki dakata.

Na huɗu: sanya roba ko na'urar dubawa a cikin mahaifa ba ya karya azumi, kamar yadda majalisar ta yanke a Jidda a 1997. Haɗiye ƙwaya da rana kuwa yana karyawa. Ki nemi likita ta mayar miki da lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Idan hakan bai yiwu ba, ke marar lafiya ce: ki sha, ki rama daga baya.

Kada ki yi sakaci da komawa asibiti ranar da aka sa miki, domin sabon tabo ya fi sauƙin rabawa. Allah Ya ba ki lafiya da zuri'a ta gari.

Allah ne Mafi sani.