Kirarin Akilis da Kunnen Ba'adare

'Yan uwa ɗalibai, da yawa cikinmu a aji muka fara jin sunan Homa, cikin Faransanci, guntu-guntu: dokin katako, ƙaton nan mai ido ɗaya, shi ke nan sai jarrabawa. Ni kuwa cikin Ingilishi na karanta shi har ƙarshe, da irin tsoffin littattafan da ke shigo mana daga Sakkwato ta Ƙonni. Abin da na gano shi ne, akwai wani abu cikin waƙoƙin nan da ya sha kan masanan Turai shekaru aru-aru, alhali yaron Garhanga da ya taɓa tsayawa gaban makaɗi zai gane shi tun shafin farko.

Waƙoƙin biyu ne, da harshen Girka. Iliyad ta haura layi 15,000, kuma 'yan makonni kawai take ba da labari cikin shekara ta goma ta yaƙin birnin Taroy. Odisi tana da kamar layi 12,000, labarin wani sarki ne da ya kwashe shekara goma yana neman hanyar gida bayan yaƙin. Galibin masana suna ajiye su wajen ƙarni na 8 ko na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). George Chapman ya kammala juya Iliyad zuwa Ingilishi a 1611. Alexander Pope ya fitar da tasa tsakanin 1715 da 1720, ya yi mata ado da amsa-amo yadda manyan Landan suke so, ya kuma samu kuɗi sosai. A 1946 E. V. Rieu ya mayar da Odisi zube, kamar littafin hira, kuma da ita kamfanin Penguin ya buɗe jerin tsoffin littattafansa.

To, ga matsalar. Homa ba ya ambaton jarumi haka tsurarsa, sai ya laƙa masa kirari. Akilis kullum ana yabonsa da saurin gudu, ko da kuwa yana zaune cikin tanti ya yi fushi ya ƙi fita yaƙi. Gari in zai waye, da kalmomi iri guda yake wayewa. Manzo in an aike shi, sai ya maimaita saƙon kusan kalma da kalma. Mai karatu da ido, shiru cikin ɗaki, abin yana gundurarsa. Wasu masana suka ce ai faci ne, hannuwa da yawa suka ɗinka waƙar. Masu fassara kuwa da dama suka shiga gyara: nan a sauya kirarin, can a share shi, don kada Bature ya gaji. Rieu yana cikinsu.

Sai wani saurayi ɗan Amurka, Milman Parry, ya rubuta kundinsa a Faris a 1928, da Faransanci ma kuwa, a kan waɗannan kirare-kiraren. Ya nuna cewa ba ado ba ne, kayan aiki ne: kowane kirari yana cike wani gurbi na ma'aunin waƙa, yadda mai rerawa zai iya ƙaga layi nan take ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Don ya tabbatar, tsakanin 1933 da 1935 ya tafi Yugoslabiya da ɗalibinsa Albert Lord, suna ɗaukar muryar mawaƙan ƙauye a faifai. Mawaƙan suna rerawa da wani abin kiɗa mai tsirkiya guda da ake gogawa, kai ka ce kukuma. Cikinsu akwai wani dattijo Musulmi, Avdo Međedović, bai iya karatu ba, amma ya kawo waƙa guda mai layi sama da 12,000, tsawon Odisi ke nan. Parry ya rasu a 1935 yana ɗan shekara 33, Lord ya ƙarasa aikin da littafin da ya fitar a 1960.

Wallahi da na karanta wannan tarihi sai dariya ta kama ni. Mutum ya ƙetare teku da injin ɗaukar murya don ya gano abin da kakata ta sani! Wa ya taɓa jin Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ya ce maimaici ya yi yawa? Sarki yana zaune a zaure yana shan fura, makaɗi yana kiransa mai rushe garuruwa, babu wanda zai ce ƙarya ce, don kirari ba labarin abin da mutum yake yi yanzu ba ne, sunansa ne na har abada. Haka Ɗan Anace ya yi wa Shago. Amshi yana ba jagora damar numfasawa da shirya ɗiyan waƙa na gaba, mai sauraro kuma ya samu wurin riƙewa. Wanda ya cire wa Homa kirari, daidai yake da wanda ya rubuta waƙar fada ya zubar da amshinta wai don takarda ta yi kyau.

Akwai wurin da kusan kowa yake tsallakewa, kashi na biyu na Iliyad, inda aka jero jiragen ruwa sama da 1,000 da garuruwansu da shugabanninsu. Ni nan na fi daɗewa. Ka tuna yadda maroƙi yake jero garuruwa da kakanni a wurin naɗi, kowa ya kasa kunne ya ji ko za a ambaci nasa. Haka mutanen Girka suka saurari wannan jeri.

Amma fa waƙa tana riƙe tarihi ne yadda ta ga dama. A kashi na goma an siffanta wata hular yaƙi ta haƙoran gursunu, kuma masu tono sun same ta a kaburburan da suka girmi Homa da ɗaruruwan shekaru; baki ne ya adana ta. A ɗaya ɓangaren, Heinrich Schliemann ya ɗauki waƙar tamkar taswira, ya yi ta haƙa a tudun Hisarlik na ƙasar Turkiyya. Zinariyar da ya samu a 1873 ya ce ta sarkin Taroy ce, ashe ta girmi zamanin yaƙin da kusan shekara 1,000, kuma garin gaggawa ya lalata wasu gine-ginen da yake nema. Namu Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa, bai yi wannan gaggawar ba. A littafinsa na 1975 kan tarihin Adar, ya saurari dattawa, sannan ya gwada maganarsu da rubutattun tarihin Agadas kafin ya tsayar da labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas da ya ci Adar a 1674.

Saboda haka in ka samu zaɓi, ka nemi Iliyad ta Richmond Lattimore ta 1951. Ingilishinta da nauyi, amma ya bar kirarin a mazauninsa, kuma da ƙarfi za ka karanta, ba a zuci ba. Odisi ta Emily Wilson ta 2017 ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai tana sassauya kirarin. In kuwa ta Rieu ce kawai ta faɗo hannunka, duba bayan shafin farko: bugun 1991 ɗansa ne ya sake dubawa, ya mayar da yawancin abin da uban ya share.