Tarihin kalmar aikatau appraise ta Ingilishi

Aikin appraise shi ne mutum masani ya dubi abu, gida ne ko doki ko zinariya, ya faɗi kuɗin da ya cancanta. Tushen kalmar Latin ne: pretium, wato kuɗin abu. Daga nan tsohon Faransanci ya samu preisier, aikatau mai ma'ana biyu a haɗe: sa wa abu kuɗi, da kuma yabon sa.

Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, kalmar kuwa ta bi su. Ingilishi ya karɓe ta da ma'anonin nan biyu, har praise, wadda yau yabo kaɗai take nufi, a da ana sa kuɗin kaya da ita. Sannu a hankali aka raba gado: praise ta ɗauki yabo, price ta ɗauki kuɗi, appraise kuma, wadda ta bayyana wajen ƙarni na 15, ta riƙe aikin mai duba kaya. Sai a ƙarni na 19 ta yaɗu zuwa auna ingancin aiki ko na mutum. Faransanci bai yar da tsohuwar ma'anar ba, tana nan cikin commissaire-priseur, mai sa kuɗin kayan gwanjo.

A nan ne haɗarin yake ga mu da muka yi karatu da Faransanci. Mai fassara ya ga appraise, hankalinsa ya tafi ga apprécier, ƴar'uwarta ta jini, sai ya rubuta "yaba". Ke nan rahoton da aka ce a auna aikin malaman yaƙi da jahilci ya koma takardar yabonsu. Wasu kuma na rikita ta da apprise, sanarwa, wadda ta fito daga apprendre.

A ganina "kimanta" ce ta dace. Asalinta kima, daga Larabci, kuma ita ma tana ɗauke da kuɗi da daraja gaba ɗaya, tun da mukan ce mutum mai kima. "Ƙiyasta" ta fi kusa da yawa ko adadi. "Taya" kuwa aikin mai saye ne, wanda ke da buƙata a cikin cinikin. Abin lura, pretium ta riga ta iso kasuwanninmu ta wata hanya: "farashi" price ce, ta shigo Hausa daga bakin Ingilishi.